Rigar Kanari

Dariyar Mai Aski ce ta fara fashewa a falon, tun kafin alƙalan cikin talabijin su buɗe baki.

Maman Biyu tana tsaye a bakin ƙofar kicin, riƙe da farantin kofunan shayi. Falon ya cika maƙil. Maƙwabta sun zauna har a hannun kujeru, yara sun baje a ƙasa, wasu na leƙe ta taga. Ita da ƙafarta ta bi gida gida ta gayyato su, domin yau ake nuna mijinta a gasar waƙa ta Wa Ya Fi Murya, shirin da ko masu cewa ba sa kallo sun san duk abin da ya faru a cikinsa. Ga mijin nan a allo, cikin farar rigar da ta ɗinka masa, ya riƙe makirfo da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ga shi kuma a zahiri, zaune a kujerar tsakiya, ya haɗe gwiwoyi, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da fankar da ke juyawa.

Ya fara waƙar da kyau. Ita ta san muryar nan, murya ce mai kauri da sanyi, wadda ta saba ji kullum da safe idan yana wanke motar 'yan makarantar da yake tuƙawa. Amma da ya zo hawa, sai muryar ta karye, ta yi wata 'yar ƙara siririya. Abin bai fi ƙiftawar ido ba. Sai masu shirin suka dawo da wurin, suka sake dawowa da shi, suka ɗora kukan akuya a kai. Aka nuno alƙaliya ta kifa kai a tebur kafaɗunta na rawa. Aka nuno wata mata a cikin 'yan kallo tana share hawayen dariya da bakin mayafi.

Babban alƙalin, mai baƙin tabarau, ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa.

"Baba, me ka ce kana tuƙawa?"

"Motar 'yan makaranta, ranka ya daɗe."

"To don girman Allah ka riƙa danna musu hon, ka daina yi musu waƙa. Yaran nan amana ne."

Ɗakin taron ya kwashe da shewa. Falon ma ya ɗauka, wasu da ƙarfi, wasu suna danne baki. Maman Biyu ta juya ta nemi fuskar mijinta, sai idonta ya faɗa kan Mai Aski, maƙwabcinsu na jikin katanga. Kofin shayinta na hannunsa na hagu. A hannun dama kuwa waya ce, kuma ba talabijin ya saita ta ba. Fuskar Baban Biyu yake ɗauka, yadda leɓensa ke rawa yana ƙoƙarin yin murmushi, yadda hannunsa ke lalubar hularsa a kan gwiwa.

* * *

Sai daga baya, da ta matsa wa mijin nata, ya gaya mata yadda aka yi. A tantancewar farko wasu samari masu rataye da katin aiki a wuya suka saurare shi, suka yi ta tafi, suka ce irinsa suke nema. Ranar ɗauka suka bar shi a rana tun safe ba ko ruwa. Da aka sa kiɗan ya ji an ɗaga shi sama da yadda ya yi atisaye, ya roƙi a sauko da shi, aka ce babu lokaci. Ashe su ba mawaƙi suka gani ba. Dattijo suka gani mai furfura a gemu, wanda za a yi wa dariya a huta.

Da abin ya tsaya a na gidan talabijin, da wataƙila an manta kafin mako ya zagayo. Bidiyon Mai Aski ne ya ƙi mutuwa. Ya raba allo biyu, sama Baban Biyu na waƙa, ƙasa Baban Biyu na kallon kansa, shi kuma yana ta sharhi yana kwaikwayon kukan akuya. Ya raɗa masa suna Direba Mee. Sunan ya bi gari kamar wutar kara. Yaran da ya ɗauki shekaru yana kaiwa makaranta, yana ɗaure musu igiyar takalmi, suka koma cika motar da mee mee tun daga tashar farko. Masu babur na yi masa a danja. Shugabar makarantar ta kira shi ta ce ya ɗan huta har abin ya lafa, kafin ya lafa kuwa ta ɗauki wani direban.

Maman Biyu ta rufe shagon ɗinkinta da rana tsaka, ta nufi shagon aski. Ta tarar da shi yana gyara wa wani gemu, ya sayi wata fitila mai zobe ya kafa a gaban madubi.

"Ka goge shi," ta ce, ko sallama babu.

"Haba Maman Biyu, wasa ne fa." Bai ko ɗaga injin daga fuskar mutumin ba. "Talla ma na yi masa. Yanzu wa bai san shi ba?"

"A falona. Da shayina a hannunka."

"Ko na goge ai ya riga ya fita. Yana wayar kowa." Ya hure gashin da ke bakin injin. "Shi ma da nasa laifin. Mutum da girmansa, wa ya aike shi?"

Masu jiran layi suka sunkuyar da kai suna murmushi. Ta tsaya tana kallon bayan wuyansa, ga reza a buɗe a kan kanta, sai da ta dunƙule hannunta cikin mayafi kafin ta iya juyawa ta fita.

Baban Biyu ya samu aikin tuƙa motar yashi a bayan gari, inda ba fasinja, ba mai yi masa magana. Yana fita hula a tsakiyar goshi, ya dawo ya ci abinci ya juya wa ɗaki baya. Waƙa ta bar gidan gaba ɗaya. 'Yan biyunsu, mata ƙanana da ba sa yarda a yi musu wanka sai da waƙar babansu, suka yi rigima suka gaji suka haƙura. Wata safiya ta ji ya fara ɗan gunguni a banɗaki ba tare da ya sani ba, zuciyarta ta yi tsalle, sai ta ji ya katse kamar wanda aka mara.

Shi kuwa Mai Aski abin ya karɓe shi. Kowane mako sai ya zauna gaban fitilarsa ya yanka wanda ya faɗi a gasar: wannan haƙoransa, waccan ƙibarta, wancan takalminsa. Mabiya suka taru masa. Ya sake fentin shago. Maman Biyu ba ta taɓa barin ko ɗaya ya wuce ta ba. Takan ajiye wayar a kan keken ɗinki ta kalla har ƙarshe, haƙoranta a cije, kamar mai danna gyambo don kada ya warke.

* * *

Da shekara ta zagayo aka buɗe sabuwar gasa, sai ga 'yar Mai Aski ta fari a allo. Budurwa ce da ta kai ashirin, siririya, mai kunya, wadda unguwa ke kira Kanari tun tana ƙarama saboda muryarta. Ta wuce zagayen farko, ta wuce na biyu. Mai baƙin tabarau da kansa ya miƙe ya tafa mata. Ta kai zagayen da ake nunawa kai tsaye, inda ba yankewa ba gyarawa.

Wata la'asar Maman Biyu na cikin kalmasa bakin siket sai ta ji sallama. Kanari ce, rungume da leda.

"Anti, ina wuni. Mama ta ce in kawo miki. Ta ce duk garin nan ba mai hannunki."

Shuɗin yadi ne mai sheƙi, mai santsi kamar ruwa. Maman Biyu ta shafa shi, ta ɗago ta dubi yarinyar. Hancin ubanta ne sak. Wato su har sun manta. A wurinsu abin ya wuce kamar an zubar da ruwan wanki.

"Miƙe in auna ki," ta ce.

Ta zagaya tef a ƙirji, a ƙugu, a dantse. Tana rubuta awon da alli a jikin tebur ta tambaya, kamar hira kawai, "Ya kike yi a ƙarshen waƙar? Don in san irin hannun da zan yanka."

Kanari ta yi 'yar dariyar kunya, ta ja dogon numfashi, ta ɗaga hannuwa biyu sama ta buɗe su. Maman Biyu ta kalli yadda haƙarƙarinta ya buɗe, yadda rigar jikinta ta ɗame daga hammata zuwa ƙugu. A nan take abin ya zo mata, cikakke, kamar dama yana zaune a shagon yana jira.

Ba ta taɓa ɗinka riga mai kyan wannan ba. Ta jera duwatsu a wuya ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa hannun tattara, ta goge kowace gaɓa har ta kwanta. Sai da ta zo ɗinkin gefe, daga hammata zuwa ƙugu, da wanda ya riƙe zif a baya, ta jawo durowar ƙasa. Akwai wani tsohon zare shuɗi da ruwan sama ya taɓa jiƙawa ya bushe, wanda in ka ja da ɗan ƙarfi sai ya tsinke kamar yanar gizo. Shi ta ɗaura wa keken. Ta buɗe tazarar ɗinkin, ta matse rigar fiye da awo, ba ta ɗaure bakin zaren ba. Ƙafarta na kan feda tana jin muryar Mai Aski, wasa ne fa, wasa ne fa, daidai da bugun allura.

Ranar gwaji Kanari ta tsaya gaban madubi ta rufe baki da hannu.

"Anti! Ni ce wannan?"

"Ke ce. Kada ki ɗaga hannu yanzu, duwatsun ba su gama kamawa ba. Ki bar ta a leda sai ranar."

Yarinyar ta cire rigar a hankali, ta tsaya tana murza yatsu. "Anti, ina Baba Direba? Na daɗe ban gan shi ba."

"Yana wurin aiki."

"Shi ya koya min jan numfashi, kin sani? Lokacin muna firamare ni ce ta ƙarshen sauka. In kowa ya sauka sai ya ce, Kanari, daga ciki ake ɗauko ta, ba daga maƙogwaro ba. Ya yi ta sa ni maimaitawa har mu iso." Ta sunkuyar da kai. "Abin da Baba ya yi, wallahi na yi kuka. Na ce ya goge, ya ce in rufe masa baki. Don Allah ki ce masa ya kalle ni ranar. Ko daga nesa ne."

Yarinyar ta ce za ta wuce, babanta zai biyo ya karɓi rigar da yamma.

Maman Biyu ta daɗe zaune, rigar a cinyarta. Daga bisani ta ja tsaki, ta cire ruɓaɓɓen zaren daga keken, ta ɗaura sabo mai ƙarfi. Ta ɗauki ƙaramin almakashi, ta juya rigar, ta sa bakinsa a ɗinkin hammata za ta warware.

"Jama'a, ga mu a shagon telar tauraruwa!"

Mai Aski ne ya shigo da baya da baya, waya a sama, yana ɗaukar kansa. Ya juyo da ita kan Maman Biyu.

"Kun san ko wace ce wannan? Matar Direba Mee ce da kanta! Kun tuna shi? Mee! Maman Biyu, gaisa da mutanena. Ki ce wa maigida ya zo ya ga yadda ake waƙa, ko ya ƙaru."

Ta kalli ƙwayar kyamarar. Ta ajiye almakashin a hankali. Ta yi murmushi har haƙoranta suka bayyana, ta ninke rigar da kyau, ta saka a leda, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Allah ya ba da sa'a," ta ce.

* * *

Ranar gasar Mai Aski ya fito da babbar talabijin ƙofar shago, ya jera bencina har bakin titi. Unguwa ta taru. Maman Biyu ta yi kwalliya ta zo da wuri, ta zaɓi bencin da ke gefe, inda za ta ga allon ta kuma ga fuskarsa. Can baya, jikin sandar wuta, ta hango mijinta tsaye, hula a goshi. Ba ta isar masa da saƙon ba. Shi ya kawo kansa.

Kanari ta fito, rigar ta ɗauki hasken fitilu, mata suka yi guɗa. Ta fara a hankali, kamar mai raɗa. Titin ya yi tsit, har mai shagon cajin waya ya kashe injinsa. Muryar ta riƙa hawa tana cika, alƙaliya ta dafe ƙirji, Mai Aski ya miƙe tsaye yana nuna allon yana cewa, "'Yata ce! 'Yata ce wannan!" Maman Biyu ba ta jin waƙar. Idonta na kan hammatar rigar.

Yarinyar ta ja dogon numfashi, ta ɗaga hannuwa biyu.

Makirfon da ke maƙale a wuyan rigar ya ɗauki ƙarar tsaf. Kyaaat. Gefen ya buɗe daga hammata har ƙugu, zif ɗin baya ya saki, rigar ta zame daga kafaɗa ɗaya, farar shimi ta bayyana. Kanari ta ci gaba da riƙe muryar na ɗan lokaci, ido a rufe, ba ta sani ba. Da ta ji iska a jikinta ta buɗe ido, ta rungume kanta, muryar ta mutu a maƙogwaro. Kyamara ba ta kau da kai ba, matsowa ma ta yi. Yarinyar ta juya za ta gudu, ta taka bakin rigar, ta faɗi a kan gwiwa.

Mai baƙin tabarau ya jawo makirfonsa. "Mun sha jin murya ta fasa kofi," ya ce. "Yau mun ga wadda ta fasa riga."

Ɗakin taron ya ɗauka. A titi wani saurayi a baya ya tuntsire, na kusa da shi ya biye masa. Wayoyi suka tashi sama ɗaya bayan ɗaya, suka juyo kan Mai Aski. Samarin da ya koya wa sana'ar ne, masu zama a shagonsa kullum.

"Ku kashe," ya ce, muryarsa ta dushe. "Don Allah ku kashe. Kai, ɗan'uwa, sauke wayar nan. 'Yata ce fa."

Ya tare allon da jikinsa, ya shiga lalubar wayar wutar talabijin ɗin zai zare. Matarsa ta ɗora hannu a ka ta ruga gida. Maman Biyu ta zauna daram, ta zuba masa ido, ba ta ko ƙiftawa. Ta ji wani sanyi na sauka a ƙirjinta kamar ta sha ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ta jira ya waiwayo su haɗa ido. Bai waiwayo ba, ko tunaninta bai yi ba.

A gida ta tarar da Baban Biyu zaune a bakin gado, hularsa a hannu.

"Tun da na aure ki," ya ce, bai ɗago ba, "ban taɓa ganin ɗinkinki ya farke ba. Ko maɓalli bai taɓa cirewa ba."

"Yadin ne ba shi da ƙwari."

"Maman Biyu."

Ta kwance ɗankwali ta jefa kan kujera. "To na ji. Kai ka iya haƙuri, ni ban iya ba. Shekara guda ina kallonka kana bin bango kamar ɓarawo. Ya ɗanɗana ya ji. Wallahi da za a dawo da jiya, sai na sake."

"Yarinyar nan kaɗai ta rage a unguwar nan da ke tsayawa ta gaishe ni."

"Ubanta fa? Ka manta abin da ubanta ya yi?"

"Ubanta ba ya cikin rigar," ya ce. Ya tashi ya ɗauki buta ya fita.

* * *

Kafin mako ya ƙare an raɗa wa yarinyar suna Kanari Kyat. An haɗa bidiyon da kiɗa, an rage masa gudu, an zana jan da'ira a inda rigar ta buɗe. Shagon aski ya kwana biyu a rufe. Wasu mata sun zo sun karɓe yadinsu daga wurin Maman Biyu ba tare da sun faɗi dalili ba, ita kuwa ta miƙa musu ko a jikinta.

Wata safiya wata ta yi sallama ƙasa ƙasa, lulluɓe cikin babban mayafi, ido kaɗai a waje. Sai da ta zauna a kan kujerar awo Maman Biyu ta gane ta. Ta rame, idanun sun kumbura.

"Anti, sallama na zo yi miki. Gobe za a kai ni wurin ƙanwar Mama, can wani gari. Ba na iya fita a nan." Ta gyara mayafin. "Kuma na zo ba ki haƙuri. Na ji ana zagin ɗinkinki saboda ni. Kin ce kada in ɗaga hannu, ni ce na ja numfashi fiye da kima. Na ɓata miki suna. Ki yafe min."

Maman Biyu ta kau da kai. Ta kai hannu ta gyara wani tarin ƙyalle da ba ya buƙatar gyara.

"Za ki ci gaba da waƙar a can?" ta samu ta ce.

Kanari ta girgiza kai. Ta miƙe, ta ja mayafin ta rufe fuska, ta leƙa titi hagu da dama kafin ta fita, tana bin jikin katanga.

Maman Biyu ta ɗora ƙafa a kan feda, ba ta taka ba. Ta ƙofar baya da ke buɗe tana hango tsakar gida, inda 'yan biyunta ke wasa. Ɗaya ta hau kan bokitin da aka kife, ta yafa tsohon labule, ta riƙe cokali a baki. Ɗayar ta zauna a kujera, ta rufe ido da murafen kwalba biyu kamar baƙin tabarau. Ta kan bokitin ta ɗaga hannuwa sama, ta ce kyaaat, ta saki labulen ya faɗi. 'Yar'uwarta ta kifa kai tana dariya har da buga ƙafa.

"Yanzu ni," ta ce. "Sauko, yanzu ni ce zan faɗi."